Kunnen Gida da Kunnen Baƙo: Nazari a kan Yadda Masu Sauraro ke Karɓar Kiɗan Ƙirar Hannu

1.0 Gabatarwa

Manazarta waƙar baka sun daɗe suna mayar da hankali a kan makaɗi da kayan kiɗansa da turken waƙarsa, amma ba a cika tsayawa a kan mai sauraro ba, alhali kuwa shi ne yake yanke hukuncin cewa wannan kiɗa ne, wancan kuma hayaniya ce. Wannan maƙala za ta dubi yadda masu sauraro suke karɓar kiɗan da ya saɓa wa wanda aka saba ji, musamman wanda makaɗi ya haɗa kayansa da hannunsa, ko ya sarrafa wata baƙuwar na'ura ta hanyar da masu ƙera ta ba su nufa ba. Irin wannan ne Turawa suke kira kiɗan gwaji. An zaɓi misalai uku, ɗaya daga Kinshasa, biyu daga Jamhuriyar Nijar, domin a nuna cewa baƙuncin kiɗa yakan dogara ne a kan ko mai sauraro ya san aikin da kiɗan yake yi a tsakanin masu shi.

2.0 Ma'aunin Kunnen Bahaushe

Tun a aikin Ames da King na 1971 a kan kalmomin kiɗan Hausa an lura cewa Bahaushe yana raɗa wa kiɗa suna ne ta la'akari da wanda ake yi wa shi da kuma lokacin da ake yin sa. Akwai kiɗan fada da kiɗan noma da kiɗan maƙera da na mahauta da na 'yan dambe da na bori. Ko taken da ake kaɗawa ba tare da waƙa ba, akwai maganar da ganga take faɗa, kuma mai take yakan gane nasa daga nesa. Saboda haka tambayar farko da Bahaushe yake yi idan ya ji sabon sauti ita ce: kiɗan wa ne, kuma me yake cewa?

Wannan ne ya sa kayan kiɗa na ƙirar hannu ba su taɓa zama abin mamaki a ƙasar Hausa ba. Kuntigi tsirkiya ɗaya gare shi, kuma akan yi cikinsa da gwangwanin kifi a rufe da fata. Da shi Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015, ya zagaya duniya, amma babu wanda ya taɓa kiran kiɗansa gwaji a Jos ko Kano, domin maganar da take bisa kiɗan ta riga ta ba shi mazauni. Ma'aunin yakan rikice ne a lokacin da sauti ya zo babu waƙa, ko ya zo da wata murya da kunne bai san gidansu ba.

3.0 Konono: Ƙarar da Ba a Nema Ba

Mawangu Mingiedi mutumin al'ummar Bazombo ne, waɗanda suke zaune a kan iyakar Kwango da Angola. A shekarun 1960 ya kafa ƙungiyar da aka sani da Konono No. 1 a birnin Kinshasa. Abin kiɗansu shi ne likembe, wato ɗan akwatin katako mai jerin siraran ƙarafa da ake taɓawa da manyan yatsu. Sautinsa ba ya da ƙarfi, ga kuma hayaniyar birni. Domin a ji su a wuraren biki da zaman makoki, sai Mingiedi ya ciro maganaɗisu daga tarkacen motoci ya haɗa abin ɗaukar sauti, ya jona shi da tsofaffin amsa-kuwwa, aka kuma mayar da tukwane da ƙarafan mota kayan kaɗawa. Sautin da ya fito daga wannan haɗi yana da gurnani da kaushi, wanda tun farko ba shi aka nema ba. Ƙarfin murya kawai ake so.

Ga Bazombo mazauna Kinshasa, wannan kiɗan kakanninsu ne da aka ɗaga wa murya, kuma rawarsa ita ce dai wadda suka sani. Amma da kamfanin Crammed Discs na Beljiyam ya fitar da faifan Congotronics a 2004, bayan Vincent Kenis ya ɗauki sautinsu, masu sharhi a Turai da Amurka sai suka kama gurnanin nan suka riƙe. Suka riƙa kwatanta shi da kiɗan lantarki da na gwaji irin nasu, har mawaƙiya Björk ta gayyace su cikin faifanta na 2007. Abin da yake lahani ne na kayan aiki a wurin mai ƙera su, shi ya zama abin yabo a wurin baƙo. Mingiedi ya rasu a 2015 yana da suna biyu: mai riƙon gado a gida, mai fasa sabuwar hanya a waje.

4.0 Mamman Sani: Kiɗan da Aka Sani Ba a Saurara Ba

Misali na biyu ya fi kusa da gida. Mamman Sani ɗan Nijar ne da ya yi aiki da hukumar UNESCO, kuma ta wannan hanya ya sami wani ogan na lantarki ƙirar Italiya mai suna Orla. A 1978 ya ɗauki kaɗe-kaɗensa a gidan rediyon ƙasa da ke Yamai, aka fitar da su a kaset kofe kaɗan. Shi kaɗai ne da na'urarsa, babu 'yan amshi, babu kalangu. Da yawa daga cikin karin da yake bi ya ɗauko su ne daga waƙoƙin gargajiya na al'ummun Nijar, ya tafiyar da su a hankali, yana maimaitawa.

Shekaru da dama gidajen rediyo da talabijin na Nijar suna saka wannan kiɗa a tsakanin shiri da shiri. A nan ne aka sami wata irin karɓa ta daban, wadda ba yabo ba ce kuma ba suka ba. Tun da babu wanda ake wasawa a cikinsa, babu kuma rawar da aka tanada masa, sai kunnen gida ya ba shi aikin cike gurbi, wato sautin da ake ji kafin labarai. An saba da shi har an daina jin sa. Sai a 2013, bayan Christopher Kirkley na kamfanin Sahel Sounds da ke Amurka ya ci karo da kaset ɗin a Yamai, aka sake fitar da shi a faifan garmaho, masu sauraro a Turai suka zauna suka saurare shi daga farko har ƙarshe a matsayin aikin fasaha. Su kuma abin da ya kuɓuce musu shi ne asalin karin, domin wanda bai taɓa jin waƙar makiyaya ba, ba zai gane lokacin da ogan yake kwaikwayon ta ba.

5.0 Anar da Kiɗan Fiyano

Mdou Moctar Ba'abzine ne daga Nijar. Iyayensa ba su yarda da kiɗan gita ba, don haka ya sassaƙa tasa da katako, ya yi mata tsirkiya da wayar birkin keke. A 2008 ya zo Sakkwato ya ɗauki waƙoƙin Anar a irin ɗakunan da ake haɗa waƙoƙin finafinan Hausa, inda aka saka masa gangar na'ura, aka kuma tace muryarsa da Auto-Tune har ta koma kamar ta ƙarfe. Ba a sayar da waƙoƙin a kasuwa ba a lokacin. Matasa ne suka yaɗa su daga waya zuwa waya ta Bluetooth har suka kai arewacin Mali, inda Kirkley ya tsinci ɗaya daga ciki ya saka a tarin da ya fitar a 2011.

Abin lura a nan shi ne, muryar ƙarfen da baƙi suka ji a matsayin abin al'ajabi daga hamada, ita ce muryar da ake ji kullum a shagunan cajin waya a Kano da Maraɗi. Tun daga ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fiyano ƙirar Yamaha ya shiga ɗakunan ɗaukar sauti na Kano, wannan kiɗa ya raba masu sauraro gida biyu. Matasa, musamman mata, sun karɓe shi hannu bibbiyu saboda ya ba waƙar soyayya mazaunin da kiɗan fada da na sana'a ba su ba ta ba. Dattawa da wasu masana kuwa sun ɗauke shi kwaikwayon Indiya ne kawai, suka ce na'ura ce take kiɗan ba mutum ba. Duk da haka, a 2013 Sahel Sounds ya tattara waɗansu daga cikin waɗannan waƙoƙi a faifai mai suna Harafin So, ya sayar wa masu neman baƙon sauti.

6.0 Kammalawa

Daga misalan da suka gabata an ga karɓa iri uku. Akwai ta wanda ya san aikin kiɗan, shi yakan yi rawa ko ya wuce abinsa ba tare da ya lura da sabon abin da ke cikin sautin ba. Akwai ta mai tsaron gado, wanda yakan auna sabon kiɗa da mudun tsoho, ya ga bai cika ba. Akwai kuma ta baƙo, wanda yake jin sautin tsurarsa, ya yaba, amma ya raɗa masa sunan da masu shi ba su san da shi ba. Kowanne daga cikinsu ya kama wani ɓangare ya saki wani.

Hatsarin da ke cikin wannan ga nazarin Hausa a fili yake. Kaset yana lalacewa, waya tana ɓata, kuma abin da masana suka raina ba ya shiga ɗakin adana kayan tarihi. Da kaset ɗin Mamman Sani bai tsira a Yamai ba, da babu abin da za a sake fitarwa. Idan sassan koyar da harsunan Nijeriya suka ci gaba da taƙaita nazarinsu a kan makaɗan fada da na jama'a na da, to waɗanda suka zo daga nesa su ne za su tattara kiɗan ɗakunan Kano da Sakkwato, su rarraba shi, su kuma rubuta tarihinsa da ma'auninsu. Hausawa sun ce idan kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya. Ya kamata hanyar nazari ta ƙara tambaya ɗaya a kan waɗanda aka saba yi game da turke da salo da zubi: su wa suka saurari wannan kiɗa, a ina, kuma me suka ce ya yi musu?