Littafin da Ya Sa Gwanayen Aji Gumi

Duk wanda ya ce lissafin sakandare ba shi da wuya, wallahi bai buɗe Further Mathematics Project ba. Juzu'i uku ne, aikin Tuttuh-Adegun da Sivasubramaniam da Adegoke, kuma ni dai a duk littattafan makaranta ban ga wanda ya shiga raina kamarsa ba. Ko a hannun yaro na hango shi sai na tsaya mun gaisa.

Yaron garinmu Bagega, a Zamfara, mai kaifin kai ba ya tsoron lamba. Ya tashi yana ganin ana ɗora zinare a ma'auni ana faɗin kuɗin giram, kafin dillali ya gama latsa waya shi ya riga ya faɗi jimla. Irin wannan yaro, lissafin gama-gari da WAEC da NECO suka wajabta wa kowa ba ya ƙosar da shi. Ya gama aikin aji tun ba a je ko'ina ba, ya kifa kai a tebur, malam na can yana fama da masu neman C6. Kowa na yabonsa, shi kuwa lalaci na cinsa a ɓoye.

Sai a miƙa masa wannan littafi. Gaba da gabanta, aljani ya taka wuta! Bekta, matiriks, ka'idar binomiyal, lissafin yiwuwa, sannan uwa uba kalkulas. Ranar farko da gwanin aji zai kwana da tambaya ɗaya ba ta fita ba, ranar ce ya fara karatu.

Ga irin abin da ake koya a ciki, bari in ba da misali nawa. Kana da waya mita 40, za ka kewaye garke a jikin katanga, gefe uku kawai. Yaya za ka ja ta fili ya fi girma? Mai lissafin gama-gari zai yi ta gwaji. Ɗan kalkulas zai kira faɗin garken x, ya rubuta girman filin, 40x − 2x², ya fitar da saurin canjinsa, 40 − 4x, ya daidaita shi da sifili. Shi ke nan: faɗi mita 10, tsawo 20, murabba'in mita 200, kuma babu wani ja da zai ba ka fiye da haka. Layi uku! Kai jama'a, in wannan bai burge mutum ba me zai burge shi?

Kuma kada wani ya ce abin na Turawa ne. Muhammad al-Kashinawi, Bakatsine, ya yi rubutu kan yadda ake gina hatimin lambobi a 1732, ya rasu a Alƙahira a 1741.

Na san abin da ake tunawa in an ambaci garinmu: gubar dalma ta 2010, wadda ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, da aikin kwashe gurɓatacciyar ƙasa da sai a 2013 ya iso Bagega. Gaskiya ne dalma na taɓa ƙwaƙwalwa. Amma yaran da aka haifa a shekarun nan su ne yau a sakandare, kuma raina na ɓaci in na ji an yanke musu hukunci a dunƙule, ana cewa a sassauta musu. A gwada su da mai wuyar tukuna.

Ƙorafina ɗaya, kuma ba laifin marubutan ba ne: darasin na zaɓi ne, ƙauyuka da yawa ba malaminsa, ga babin mekaniks ba ya son kaɗaici. Sai yaro ya isa ajin farko na injiniya a ABU Zariya, ko kimiyya a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ko ta Tarayya da ke Gusau, ya tarar da abokan zamansa sun san kalkulas tun SS2.

Mai saye ya fara da juzu'i na ɗaya, ya haɗa da littafin rubutu mai kauri guda biyu, don ɗaya ba zai kai shi ƙarshen zango ba.