Balagar Troy Maxson da Ɗalibin Kaduna: Nazari a kan Wasan Kwaikwayon Fences

1.0 Gabatarwa

Daga shekarar 2021 zuwa 2025 Hukumar Shirya Jarrabawa ta Afirka ta Yamma ta sanya wasan kwaikwayon August Wilson mai suna Fences cikin littattafan da ɗaliban adabin Ingilishi ke karantawa domin jarrabawar kammala sakandare. Kafin wannan, wato daga 2016 zuwa 2020, akwai A Raisin in the Sun na Lorraine Hansberry da Native Son na Richard Wright. Ke nan shekara goma cur 'ya'yanmu na Kawo da Unguwar Rimi da Malali da Tudun Wada suka yi suna haɗuwa da baƙaƙen fatar Amurka a cikin aji.

Abin da muka lura da shi a azuzuwa shi ne, yawancin ɗalibai ta hanyar 'yan ƙasidun taƙaitawa suke shiga waɗannan littattafai. Sukan hardace jigo, su hardace sunayen taurari, amma ba su taɓa tsayawa sun saurari yadda mutanen cikin littafin ke magana ba. Maƙasudin wannan takarda shi ne mu nuna cewa Fences wasa ne da aka gina a kan balaga, wato dabarar shawo kan mai sauraro da baki, kuma ɗalibin da ya tashi cikin kirari da habaici da karin magana yana da kayan aikin feɗe shi. Za mu kuma nuna wuraren da al'adarsa za ta iya yi masa jagora zuwa kuskure.

2.0 Marubucin da Wasansa

An haifi August Wilson a birnin Pittsburgh a 1945, ya rasu a 2005. Ya rubuta wasanni goma, kowane ɗaya yana wakiltar shekara goma daga ƙarni na ashirin a rayuwar baƙaƙen Amurka. An fara nuna Fences a 1985, ya kuma sami kyautar Pulitzer a 1987.

Labarin ya faro a 1957, a tsakar gidan Troy Maxson, ɗan shekara 53, mai aikin kwashe shara. Troy ya gudo daga gidan ubansa a kudancin Amurka yana ɗan shekara 14, ya yi shekara 15 a kurkuku, a can ya koyi wasan besbol, ya kuma shahara a ƙungiyoyin baƙar fata a zamanin da aka haramta musu shiga manyan ƙungiyoyi. Yana da mata, Rose, da ɗansu Cory, da wani babban ɗa, Lyons, wanda ya haifa da matarsa ta fari, da ƙane, Gabriel, wanda ya sami taɓin hankali a Yaƙin Duniya na Biyu. Troy ya hana Cory buga ƙwallon da za ta kai shi jami'a, ya yi wa wata mace mai suna Alberta ciki a waje, daga ƙarshe ya kori Cory daga gida. Wasan ya ƙare a 1965, ranar jana'izarsa.

Ɗalibin Kaduna bai kamata ya ji baƙunci da irin wannan gida ba. A wannan shekara ta 1957 ne masaƙar Kaduna ta fara aiki a Kakuri, mutane suka riƙa baro gonakinsu suna kwararowa birni neman albashi. Uban da ya baro ƙauye da ƙafa, ya kafa gida da guminsa, yana ganin wannan ya ba shi ikon yanke wa ɗansa makoma, ba baƙo ba ne a kowace unguwa ta wannan gari.

3.0 Kirari a Bakin Troy

Masana balaga tun daga Aristotle sun ce hanyoyin shawo kan mai sauraro uku ne: mutuncin mai magana, da sosa zuciyar mai sauraro, da kafa hujja. A fitowa ta farko Troy ya dogara ne kacokan a kan ta farko. Ranar Juma'a ce, an biya albashi, yana zaune da abokinsa Bono suna sha, sai ya shiga labarin yadda ya yi kokawa da Mutuwa kwana uku dare da rana har ya kayar da ita. Rose ta katse shi, ta ce ai ciwon haƙarƙari ne ya kwantar da shi a asibiti a 1941. Haka kuma ya ba da labarin Shaiɗan ya zo ya ba shi kayan ɗaki bashi, Rose ta sake warware zancen.

Ɗalibin da ya dogara da taƙaitawa zai rubuta cewa Troy maƙaryaci ne. Wanda ya taɓa tsayawa a filin dambe ko ya ji maharbi yana wasa kansa ba zai yi wannan saurin hukunci ba. Mai kirari ba ya neman a gaskata shi kalma da kalma. Yana neman a yarda da girmansa ne. Troy ya yi amfani da mutuntarwa, ya sa wa Mutuwa tufa, ya ba ta lauje, ya sa ta magana. Ya yi amfani da kambamawa, ya mayar da zazzaɓi kokawa. Tambayar da ya kamata malami ya yi wa aji ita ce: me ya sa mutumin da ke wuni yana ɗaga garwar shara yake bukatar irin wannan kirari? Amsar tana cikin tsarin wasan. A wurin aiki ba a barin baƙar fata ya tuƙa motar shara, sai dai ya yi dako a bayanta. Gidan da yake taƙama da shi ma da dala 3,000 ta diyyar raunin Gabriel ya saya. Tsakar gida ita kaɗai ce fagen da ya rage masa, baki kuma shi ne makaminsa a can.

4.0 Hujjar Uba

A fitowa ta uku ta kashi na ɗaya Cory ya tambayi ubansa dalilin da ya sa bai taɓa ƙaunarsa ba. Troy bai amsa ba, sai ya rufe shi da tambayoyi: wace doka ce ta wajabta masa ƙaunarsa? Ba ya cin abinci kullum? Ba ya kwana a ƙarƙashin rufi? Babu sutura a jikinsa? Kowace tambaya amsarta ɗaya ce, kuma dole yaron ya ba da ita cikin ladabi. Daga nan Troy ya kammala da cewa haƙƙi yake saukewa, kamar yadda ubangidansa a wurin aiki ke biyansa don ya ci bashin guminsa, ba don yana sonsa ba.

Wannan magana tana da ƙarfi a kunne, kuma mun sha ganin aji ya goyi bayanta. Sai dai idan aka feɗe ta za a ga inda ta gurgunce. An yi wa Troy tambaya a kan ƙauna, ya sauya ta ta koma tambaya a kan ciyarwa, ya amsa wadda ya ƙirƙiro. Kamancen da ya kawo kuwa ya tona masa asiri, domin ya ajiye ɗansa a matsayin ɗan ƙwadago, shi kuma a matsayin mai biyan lada.

Haka hujjarsa take game da ƙwallo. Ya ce Turawa ba za su bar Cory ya kai ko'ina ba, tun da shi ma sun hana shi. Rabin maganar gaskiya ne, an zalunce shi. Amma Jackie Robinson ya shiga manyan ƙungiyoyi a 1947, lokacin Troy yana da shekara 43, ƙarfi ya soma ja da baya. A 1957 Cory yana iya lissafa masa baƙaƙen 'yan wasa irin su Hank Aaron da ke tashe. Mukan ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Wilson ya juya wannan karin magana: babban yana kallon baya, yaron ne ke ganin abin da ke tafe.

A nan ne tarko na farko yake ga ɗalibinmu. Ya san alkunya, ya san uban da ba ya kiran sunan ɗan fari, ba ya yabonsa a gaban mutane, alhali yana sonsa matuƙa. Zai iya ɗauka Troy ma kara yake yi. Amma mai alkunya ɓoye ƙauna yake yi, ba ya musanta wajabcinta, kuma ba ya zuwa ya rushe wa ɗansa hanyar karatu kamar yadda Troy ya je ya gaya wa mai horar da Cory cewa yaron ya daina wasa. Kwatancin yana da amfani ne idan an bi shi har wurin da ya rabu.

5.0 Martanin Rose

Ƙololuwar balagar wasan tana farkon kashi na biyu. Da Troy ya zo shaida wa Rose zancen cikin Alberta, sai ya fake a bayan siffantawa daga wasan besbol: ya ce shekara 18 yana tsaye a matsaya ta farko, sai ya ji yana son ya yi kasada ya kai ta biyu. Rose ta ƙi shiga wannan fage. Ta ce masa ba zancen wasa ake yi ba, ta kira abin da sunansa. Sannan ta kawo tata siffantawar daga noma: ta ce ta ɗauki burinta duka ta shuka a cikinsa, ba ta daɗe ba ta gane ƙasar fako ce mai duwatsu, duk da haka ta zauna.

Abin lura a nan shi ne bambancin hotunan biyu. Hoton Troy na mutum ɗaya ne mai gudu, na Rose kuwa na mai jira ne wanda ya zuba jari a cikin wani. Ta karɓe masa shekara 18 ɗin da ya yi kuka da su, ta tuna masa cewa tare suka yi tsayuwar. Wannan ne karo na farko da bakin Troy ya gaza. Da ya rasa kalma sai ya damƙe mata hannu, Cory ya shigo ya ture shi. Daga nan har ƙarshen wasan, duk inda balagarsa ta ƙare ƙarfin tuwo ne ke maye gurbinta.

Tarko na biyu yana nan. Ɗalibin da ya tashi a gidan mata biyu ko uku zai iya karanta fushin Rose a matsayin kishi, ya ce ai kishiya aka yi mata. Alberta ba kishiya ba ce. Babu aure, babu sadaki, babu shaidu, kuma dokar ƙasarsu da addinin Rose ba su san mace ta biyu ba. Cin amana ne, a al'adarsu da tamu duka. Da Alberta ta rasu wurin haihuwa, Rose ta karɓi jaririyar, Raynell, ta ce yarinyar ta sami uwa, amma shi daga ranar ba shi da mata. Jimla ɗaya ta haɗa rahama da hukunci.

6.0 Shingen

Sunan wasan kansa alamtarwa ce. Rose na son shinge don ta tattara iyalinta ciki, Bono ne ma ya fayyace wa Troy cewa wasu kan yi shinge don su hana shigowa, wasu don su hana fita. Troy ya yi ta jan ƙafa, bai himmatu ba sai da Alberta ta mutu, ya ce zai kewaye gidan don Mutuwa ta tsaya a waje. Ranar da ya kori Cory kuwa, ya ce a bayan shingen zai tarar da kayansa. Katako ɗaya, ma'ana uku, gwargwadon mai magana da halin da yake ciki.

Wannan darasi ba ya bukatar dogon sharhi a garin da, bayan rikice-rikicen 2000 da 2002, mutane da dama suka canza unguwa, Musulmi suka fi yawa a arewacin kogi, Kirista suka fi yawa a kudancinsa. Ɗalibanmu an haife su ne bayan an yi wannan rabuwa. Kowane ɓangare tsoro ne ya sa shi neman tsari, kuma tsoron yana da dalili, kamar yadda na Troy yake da dalili. Abin da wasan ke tambaya shi ne farashin da 'ya'ya ke biya idan suka gaji shingen ba tare da sun gaji dalilinsa ba.

7.0 Raunin Wasan

Ba mu ce Fences ba shi da aibi ba. Alberta ba ta fito ko sau ɗaya, ba mu ji muryarta ba, ta mutu daidai lokacin da labarin ke bukatar kawar da ita. Gabriel kuma an ɗora masa alama fiye da ƙima, har ya kusa zama ishara maimakon mutum. Yana ɗaukar kansa Mala'ika Jibrilu mai jiran busa ƙaho, kuma a nan malami sai ya yi bayani, domin ɗalibi Musulmi Israfilu ya sani da wannan aiki. Har ila yau, gargaɗi biyun da Troy ya yi wa Cory ba za su yi ma'ana ba sai an san cewa a besbol mai bugu in ya kuskure sau uku ya fita.

8.0 Kammalawa

Mun yi ƙoƙarin nuna cewa Troy Maxson da baki ya mulki gidansa, da baki kuma ya rasa shi. Shawararmu ga malamai ita ce a riƙa karanta jawaban wasan da murya a aji, a tambayi ɗalibi wa ke magana, wa yake so ya shawo, da wace dabara, me kuma ya tsallake. A bar shi ya kawo kirari da habaici da alkunya ya auna, sannan a nuna masa inda ma'aunin ya gaza. Littattafan manhaja sukan canza bayan 'yan shekaru, amma wannan horo ba ya tsufa. Yaron da ya iya gano inda Troy ya sauya tambaya zai iya gano haka a bakin ɗan siyasa ranar yaƙin neman zaɓe a Dandalin Murtala, ko a bakin duk mai son ya gaya masa ko su wane ne mutanen tsallaken kogi.