Kayan Ɗaki Sun Fi Ƙarfin Ɗaki

Duk wanda ya je ganin ɗakin amarya a 'yan shekarun nan, a Kano ne ko Kaduna ko Abuja, ya san a karkace ake tafiya cikin falon. Kujeru masu cin mutum bakwai sun zagaye bango, teburin gilashi ya tsaya a tsakiya, ƙananan tebura biyu sun maƙale a lungu, ga teburin cin abinci da kujerunsa shida an tura shi bakin kicin har ƙofar ba ta buɗuwa duka. Mata su shigo da guɗa, su ce tubarkalla ɗaki ya yi kyau, sannan su rasa wurin zama, don su ashirin ne, ƙasan da za su baje a kai kuwa katako ya cinye shi. Ni dai ban yarda wannan ado ba ne. An sayi kayan wani gida ne aka cusa su a wani.

Gidan da matasan ma'aurata ke shiga yanzu ba irin wanda iyayensu suka tare a ciki ba ne. Tun daga rukunin gidaje masu sauƙin kuɗi na zamanin Shagari, da irin su Kundila a Kano, muka fara sabawa da gidan da komai nasa ke ƙarƙashin rufi ɗaya. Da gwamnatin tarayya ta koma Abuja a 1991, dubban ma'aikata suka tsinci kansu a benaye, wasu a Garki da Wuse, waɗanda aljihunsu bai kai ba suka gangara Kubwa da Nyanya da Mararaba. Yau fili ya yi tsada, gidan gado ya cika, saurayin da a da mahaifinsa zai yanka masa sashe a cikin gida sai ya bi dillali ya kama ciki da falo ko ɗaki biyu a bene, ya biya kuɗin shekara a dunƙule.

Abin da ba mu tsaya muka lissafa ba shi ne abin da irin wannan gida ya rasa. Ba shi da zaure, ba shi da tsakar gida. A gidan Bahaushe kuwa waɗannan biyun ne ke ɗauke da yawancin rayuwa. A zaure maigida ke ganawa da baƙinsa ba tare da sun ga iyalinsa ba. A tsakar gida ake tsintar shinkafa, a yi kitso, a shanya kuɓewa, yara su yi rarrafe, a shimfiɗa tabarma bayan isha'i a sha iska, ranar suna a cika maƙil. Ɗakin matar aure na kwana ne da ajiyar abin da take ji da shi, shi ya sa ko ta cika shi da kaya ba ta takura ba, tana fitowa sarari na jiranta. A bene babu inda za ta fito. Aikin zaure da na tsakar gida duk sun dawo kan falo, sai kuma muka ɗauki falon muka yi masa irin cikar da ake yi wa ɗakin amarya na da. Abu mafi daraja a gidan bene shi ne ƙasa, filin da mutum zai miƙe ƙafa ko a ja sallar jam'i, amma shi muke fara sadaukarwa.

Kada a ce ina zagin nuna kaya. Jere tsohon abu ne, kuma yana da dalili. Iyayenmu mata sun jera ƙore da tasoshi, daga baya kwalla da samira da fanteka suka shigo, aka riƙa ɗora su hawa-hawa a cikin kabad ko kan katako har su kusa taɓa rufi. Wanda ya shiga ya san yarinyar nan tana da gata, kuma dukiyarta ce ta kanta, in rana ta ɓaci ta zari biyu ta sayar ba tare da ta nemi izinin kowa ba. Amma a dubi hikimar da ke ciki. Jeren da bango yake hawa, ya bar wa mutane ƙasa. Na yanzu a ƙasa yake bazuwa, bangon kuwa a manna masa takarda mai zane a bar shi haka nan. Ta fuskar dukiya ma an yi baya. Kwalla kan shekara talatin tana nan. Galibin gadaje da durowoyin yau da matsattsen garin katako ake yin su, ruwa ya taɓa su kumbura, kafinta ya kwance su sau biyu ƙusa ta daina kamawa. Ɗan haya kuwa ba ya rabuwa da tashi. Duk wanda ya taɓa ganin yadda ake sauko da durowa mai ƙofa shida daga hawa na uku ya san rabin kuɗinta a matattakala yake zubewa.

Wani abin da ke ba ni mamaki shi ne ɗan haya ya zuba kuɗi ya yi silin POP mai hawa uku da fitilu masu canza launi a gidan da ba nasa ba. Shekara na zagayowa mai gida ya leƙo, ya ga gida ya yi kyau, ya ƙara kuɗin haya.

Daga ina hoton irin wannan falo ya zo? Daga waya. Falon da ake nuna wa kafinta a Instagram da TikTok na Istanbul ne ko Dubai, an ɗauke shi a ɗakin da ya ninka namu faɗi, inda na'urar sanyaya ɗaki ba ta mutuwa. Kujerar karammiski, labule mai hawa uku, kafet daga bango zuwa bango, duk kayan riƙe zafi ne. Kano kuwa a watan Afrilu zafi kan kai digiri 40 har ya wuce. Irin wannan falo ba ya zaunuwa sai da wuta, wutar kuma mun san halinta. A Afrilun 2024 aka ninka kuɗin wutar 'yan rukunin A fiye da sau uku, ya kai naira 225 kowane yunit, a Oktoban shekarar kuma jihohin Arewa da dama suka kwashe kwanaki cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan da ke kawo wutar. A waɗannan kwanaki mutane da yawa a kan tayil suka kwana, kusa da ƙofa, kujerun miliyoyin naira na kallonsu.

Tagar ma mun canza ta don ado. Tsohuwar luba da ake rainawa, in ka buɗe ta kusan duk faɗin tagar iska ke shiga. Tagar alminiyon mai zamewa kuwa komai ƙoƙarinka rabi kawai za ta buɗu, domin gilashi ɗaya bayan ɗaya yake komawa. Sai a zo a rufe rabin da ya rage da labule mai nauyi. Idan hunturu ya kama, ƙura ta sami masauki a kowane lungu na silin, da kowane ƙwai na fitilar da ke lilo a tsakiyar falo, da kowane ninki na labulen. Wanda ya zaɓi kayan ba shi ke hawa kujera da tsumma ba. Amarya ce, sau da yawa da ciki.

Akwai sabon yayi da ya taso yana adawa da wannan, na fari da ruwan toka, kaya kaɗan, bango fayau. Ya fi sauƙin numfashi, ban musa ba, amma shi ma arowa aka yi, kuma farar kujera ba ta san gidan da ake cin tuwo da miyar manja da yara uku ba. Akwai kuma masu rataya faifai biyar a bango, su sa a zana dagi, su ce sun koma gargajiya. Yana da kyau a ido, masu saƙar faifan ma sun samu ciniki. Sai dai gwanintar maginanmu ba a zanen ta tsaya ba. Wanda ya taɓa shiga tsohon ginin Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, ko ya zaga Gidan Makama a Kano, ko unguwar Birni a Damagaram, ya san abin da jiki ke fara ji shi ne sanyi. Kaurin bango ne, da tsayin ɗaurin guga, da ƙananan tagogi can sama inda zafi ke fita. Zanen daga baya ya zo. Kuma ba a ce wannan ilimi ya tsaya a gidan tarihi ba. A Yamai, Mariam Issoufou Kamara da abokan aikinta sun gina rukunin gidajen Niamey 2000, aka kammala a 2016, gidaje shida masu bene da bulon ƙasa a kan ɗan fili, kowanne da sararinsa na shan iska wanda idon maƙwabci ba ya kaiwa. Ashe ana iya matsuwa a birni ba tare da an rasa tsakar gida ba.

Ɗan haya dai ba zai rushe bango ba, amma akwai abin da ke hannunsa. Zaman ƙasa ya dawo ta hanyar masu zuwa Umara, ana kiransa zaman Larabawa, a jera katifu masu kauri da matasai a jikin bango. Abin dariya ne a ce sai da Saudiyya ta sa hannu muka yarda da zaman da kakanninmu suka yi a kan buzu da kilishi, amma ko ta ina ya biyo ina maraba da shi. Falon da ke cin mutum bakwai a kujera zai ci goma sha biyar a ƙasa, in baƙi sun kwana ya zama makwanci, ranar tashi kuma a naɗe a ɗaure. A bar kujera ɗaya ko biyu saboda tsofaffi masu ciwon gwiwa. Tumtum na fata yana nan a Kasuwar Kurmi, yadin auduga mara nauyi da iska ke ratsawa yana nan a Kantin Kwari. Labule guda a tsaye daga ciki, taku biyu daga ƙofar shigowa, ya isa ya yi aikin ƙaramin zaure, mai kawo saƙo ya tsaya bai ga matar gida a kishingiɗe ba. Kafintan da ya iya kwaikwayon gadon Turkiyya ba zai kasa yin kanta mai hawa bango har sama ba, in an ba shi awon ɗakin.

Awon nan shi ne inda gizo ke saƙa. A yawancin bukukuwa ana ba kafinta aiki tun ango bai samu gida ba. Ba ɗakin ake aunawa ba, abin da aka yi wa 'yar maƙwabta ake aunawa. Amarya ma sau da yawa ba ita ke zaɓe ba, iyaye mata ne da gwaggwanni, kuma ba don ba su san zafi ko ƙunci ba. Bakin mutane suke tsoro. Ka ce a rage teburin cin abinci, sai a ce maka, "Haba ɗan nan, so kake dangin miji su ce ba mu yi mata komai ba?" Uba ya ci bashi, uwa ta kwashi adashi, ga naira ta faɗi tun da aka sake ta a 2023, komai na waje ya ninka. Teburin kuma a ƙarshe ya zama wurin ajiye fulas da jakar makaranta, domin a ƙasa ake cin abinci kamar yadda aka saba.

In nuna gata ake so, kuɗin teburin da na labule mai hawa uku za su kama hanyar sayen faifan sola da batir da zai juya fanka ya riƙe firji. Za su sayi 'yan kunnen zinare, wanda shi ne ya gaji kwalla a matsayin dukiyar da mace ke sayarwa ranar buƙata. Dangin miji za su gani, su kuma yi magana, amma dama ko me aka kai sai sun yi.

Masu gina gidajen haya su ma da nasu laifin. Baranda ce kaɗai abin da ya rage wa mazaunin bene na tsakar gida, amma sai a yi ta siririya yadda ko tabarma ba za ta shimfiɗu ba, a fuskantar da ita yamma inda rana ke dukanta har magariba. Mai haya ya ga ba ta da amfani, ya ajiye janareta da jarkoki da kwalayen kayan biki. Da za a ƙara mata faɗi ko da mita ɗaya, a ɗaga bangonta yadda mace za ta zauna ba mayafi ba tare da na kan titi ya hango ta ba, da randa ta samu wuri, da shanya ta samu, da kitso ya bar falo. Kuɗin da wannan zai ci bai kai na ginshiƙan ado da ake jerawa a fuskar gidan ba, waɗanda ba sa ɗauke da komai.