Wexford: Ƙaramin Garin da Ya Tsinci Abin da Manya Suka Yar

A bakin kogin Slaney, kudu maso gabashin ƙasar Ailan, akwai garin Wexford mai mutane 20,000 da 'yan kai. Duk ƙarshen Oktoba baƙi daga Ingila, Jamus da Amurka kan cika masaukansa don kallon opera, wasan kwaikwayon da ake rera zancensa cikin waƙa, makaɗa na zaune a wani rami gaban dandali suna raka mawaƙa. Sana'a ce mai cin kuɗi, shi ya sa gidajenta na ainihi suke a manyan birane irin su Milan da Landan. Amma ga garin da bai kai ko unguwa guda ta Landan ba, ya riƙe ta fiye da shekara 70.

Abin ya samo asali ne daga wata ƙungiya ta masu taruwa su saurari faifan garmaho. A 1950 suka gayyato Compton Mackenzie, marubuci kuma wanda ya kafa mujallar Gramophone, ya yi musu lacca. Shi ne ya ba su shawarar su shirya wasan da kansu, tunda ga tsohon gidan wasa, Theatre Royal, a garin. Wanda ya ɗauki maganar da gaske likita ne, Tom Walsh, tare da abokansa, cikinsu har da mai otal da ma'aikacin gidan waya. A 1951 suka buɗe da The Rose of Castile na Michael Balfe, ɗan ƙasar da ya taɓa zama a Wexford. Manyan muryoyi kaɗan aka ɗauko daga waje. 'Yan amshi, masu ɗinkin kaya, masu jan labule da masu nuna wa baƙi kujera, kusan duk mutanen gari ne, ba ko sisi.

Hikimar da ta raya wannan biki, a ganina, daga rashi ta fito. Walsh ya san ba shi da kuɗin da zai yi gogayya da manyan gidaje irin su La Scala a kan shahararrun ayyukan Verdi da Puccini. Idan ya sa su, wa zai tsallaka teku ya zo kallon abin da ake yi masa mafi kyau a ƙofar gidansa? Sannu a hankali bikin ya karkata ga ayyukan da aka manta: na Donizetti da Rossini waɗanda suka daɗe ba a taɓa su ba, daga baya na Massenet, Marschner da mawallafan Rasha da Cek. Mai son jin irin waɗannan ba shi da wata kasuwa, dole ya zo. Haka ma batun mawaƙa. Tunda ba a iya biyan wanda ya riga ya yi suna, sai aka koyi farautar matashi tun tauraronsa bai fito ba. Janet Baker ta rera a nan a 1959, Mirella Freni a 1962, Juan Diego Flórez kuma a 1996, yana ɗan shekara 23. Magadan Walsh, irin su Brian Dickie da Elaine Padmore, wadda ta ja ragama daga 1982 zuwa 1994, ba su sauka daga wannan turba ba.

Ba kowane aikin da aka tono ne ya cancanci tonowa ba. Wasu an manta da su ne don da ma ba su da armashi. Duk da haka ina girmama gidan da ya yarda ya yi wannan kasada kowace shekara, domin ba a sanin darajar opera a kan takarda sai an ji ta a bakin mutane.

Inda abin ke damuna shi ne farashin ɗaukaka. Da suna ya yi nisa, aka fara neman ƙwarewar da ɗan sa-kai ba zai iya bayarwa ba bayan ya tashi daga aiki, sai ƙwararru suka maye gurbin 'yan amshin gari. A farkon shekarun 2000, zamanin jagorancin Luigi Ferrari, aka rabu da ƙungiyar makaɗan gidan rediyon ƙasa, RTÉ, aka ɗauko makaɗa daga Belarus, sannan daga Krakow ta Polan, saboda sun fi araha. Makaɗan Ailan suka yi bore, kuma suna da gaskiya: bikin da ke cin tallafin gwamnatin ƙasa bai kamata ya bar 'ya'yanta a waje ba. David Agler, da ya karɓi jagoranci a 2005, ya kafa wa bikin ƙungiyar makaɗansa ta kansa.

An rushe tsohon Theatre Royal, aka gina sabo a gurbinsa, aka buɗe shi a 2008 da kujeru kusan 770 a babban zaure. A 2014 gwamnati ta ba shi matsayin gidan opera na ƙasa. Rosetta Cucchi, 'yar Italiya da ta karɓi jagoranci a 2020, ta buɗe shirin Wexford Factory don horar da matasan mawaƙan Ailan. Mutanen gari har yau su ne ke tarbar baƙi, su tuƙa mawaƙa, su tsaya a ƙofa, amma hawa dandalin ya zama na wanda ya yi karatun waƙa ya ci jarrabawar murya.