Haɗa Adabin Girkawa da Rumawa da Adabin Ingilishi a Digiri na Farko: Sharhi a kan Hujjojinsa da Iyakarsa

1.0 Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi sharhi a kan wani tsari na karatun digiri na farko da ake bi a wasu jami'o'in Ingila, musamman Jami'ar Oxford, inda ɗalibi yakan haɗa nazarin adabin Girkawa da Rumawa na da, cikin harsunansu na asali, da nazarin adabin Ingilishi, ya fita da digiri guda. A tsarin Oxford, karatun na shekara uku ne ga wanda ya zo da Latin ko Girkanci daga sakandare, na shekara huɗu kuma ga wanda zai fara harshen daga tushe. Akwai kuma darussa na musamman da aka tanada don haɗa ɓangarorin biyu, kamar darasin doguwar waƙar jarumtaka, da na wasan kwaikwayo na ban-tausayi, da na ban-dariya.

Tambayar da ke gabanmu ita ce: me wannan haɗi yake ƙara wa ɗalibi wanda ba zai samu ba idan ya karanta kowane fanni shi kaɗai? Ra'ayin wannan takarda shi ne, amfanin haɗin yana cikin bin diddigin hanyar da matani ya biyo daga Atina ko Rum har ya iso hannun marubucin Ingilishi, watau abin da malamanmu za su kira silsila. Idan aka bar wannan, kwas ɗin ya zama rabin digiri biyu da aka ɗinke wuri ɗaya.

2.0 Asalin Jayayya

Kafin mu yi nisa, ya kamata mu tuna cewa nazarin adabin Ingilishi baƙo ne a tsofaffin jami'o'in Ingila. Kwalejin Jami'a ta Landan ta naɗa farfesan Ingilishi tun 1828, amma Oxford ba ta kafa digirin Ingilishi ba sai 1894, Cambridge kuwa sai 1917. A wancan zamani Girkanci da Latin su ne ginshiƙin ilimi, har ma babu mai shiga waɗannan jami'o'i ba tare da su ba. Cambridge ta janye sharaɗin Girkanci a 1919, Oxford a 1920, sharaɗin Latin kuwa ya kai har 1960.

Da aka fara maganar shigar da Ingilishi Oxford, masana sun rabu gida uku. Kashi na farko, kamar masanin tarihi E. A. Freeman, suna ganin adabi magana ce ta ɗanɗano, ba a kuwa iya yi wa ɗanɗano jarrabawa. Kashi na biyu sun yarda a karanta Ingilishi, amma ta fuskar tarihin harshe da tsohon Ingilishi, kuma su ne suka yi rinjaye a 1885 lokacin da aka ba Arthur Napier, masanin tarihin harshe, sabuwar kujerar farfesa ta Merton. Kashi na uku kuwa jagoransu John Churton Collins ne, wanda ya dage, musamman a littafinsa The Study of English Literature na 1891, cewa adabin Ingilishi ba ya karantuwa yadda ya kamata sai tare da na Girkawa da Rumawa. Collins bai yi nasara a lokacinsa ba, amma kwas ɗin da muke magana a kansa, idan aka lura, ra'ayinsa ne ya tabbata daga baya. Saboda haka hujjarsa ce ya kamata mu auna.

3.0 Inda Hujjar Take da Ƙarfi

3.1 Karin waƙa

Misali na farko shi ne karin waƙa. Homer da Virgil sun yi waƙoƙinsu na jarumtaka a kan kari mai ƙafa shida a kowane ɗango, kuma ana auna ƙafar ne da nauyin gaɓa: mai nauyi ɗaya da marasa nauyi biyu, ko kuwa masu nauyi biyu. Wannan ba baƙon abu ba ne ga manazarcin Hausa, domin a kan nauyin gaɓa aka gina arulin Larabci, kuma da yake Hausa tana bambanta dogon wasali da gajere, shi ya sa bahurori irin su Kamil da Mutaƙarab suka zauna daram a rubutattun waƙoƙinmu. Ingilishi kuwa da ƙarfafa gaɓa yake auna waƙa. Don haka da Richard Stanyhurst ya fassara littattafai huɗu na farko na Aeneid a 1582 bisa awon Latin, abin bai karɓu ba, kunnen Bature bai ji kari a ciki ba.

Wanda ya dace da mafita shi ne Henry Howard na Surrey, wanda aka kashe a 1547. Shi ya fassara littafi na biyu da na huɗu na Aeneid cikin ɗango mai gaɓa goma marar amsa-amo. Wannan zubi shi aka ɗauka a wasan Gorboduc na 1561, shi Marlowe da Shakespeare suka yi wasanninsu da shi, shi kuma Milton ya yi Paradise Lost da shi. Ke nan, zubin da ake ɗauka a matsayin mafi girman gadon waƙar Ingilishi ya samu ne wajen neman yadda za a yi da Virgil. Ɗalibin da bai iya yanka ɗangon Latin ba zai iya haddace wannan tarihi, amma ba zai ji matsalar da aka warware ba.

3.2 Shakespeare

Misali na biyu ya fi fito da maganar silsila fili. Labarin wasannin Julius Caesar da Antony and Cleopatra da Coriolanus daga Plutarch ya fito, wanda ya yi rubutu da Girkanci. Amma Shakespeare fassarar Thomas North ta 1579 ya karanta, shi kuma North daga fassarar Faransanci ta Jacques Amyot ta 1559 ya juyo. Hannu uku ke nan kafin labarin ya hau dandamali. A Antony and Cleopatra akwai sanannen wuri inda aka siffanta jirgin ruwan sarauniya. Wanda ya jera shi da zuben North zai ga Shakespeare ya bi shi kusan sawu da ƙafa, sai dai ya sa maganar a bakin Enobarbus, sojan da Plutarch bai ba muhimmanci ba, mutum mai kaushin baki wanda ba a san shi da yabo ba. Yabo daga irin wannan baki ya fi nauyi. A nan gwanintar take, kuma ba ta ganuwa sai an ajiye matanonin kusa da juna.

Haka kuma The Comedy of Errors daga wasan Plautus mai suna Menaechmi ya samo tushe, inda tagwaye biyu ne kawai. Shakespeare ya ƙara tagwayen bayi, dabarar da ya aro daga wani wasan Plautus ɗin, Amphitruo, ruɗanin ya ninku. Bugu da ƙari, wasan ban-tausayi na zamanin Sarauniya Elizabeth ta Farko ya fi shan nonon Seneca Barume, wanda aka tara fassarar wasanni goma da ake danganta masa a 1581, bisa ga na Sophocles Bagirke. Malamin da ya tsallake Seneca ya ƙulla Hamlet kai tsaye da Atina ya yanke silsila.

3.3 Milton

A wajen Milton ne hujjar Collins ta fi ƙarfi, domin shi ya sha Latin da Girkanci tun yana yaro, ya yi waƙoƙi da Latin, kuma a 1649 aka ba shi aikin rubuta wasiƙun gwamnati zuwa ƙasashen waje da wannan harshe. Paradise Lost ta fito da littafi goma a 1667, sannan ya sake raba ta sha biyu a 1674, adadin littattafan Aeneid. Ya soma labari daga tsakiya, ya roƙi ilhama a farko, ya jera sunayen mayaƙa, duk bisa al'adar Homer da Virgil. Abin lura shi ne wanda ya jingina wa halayen jarumin da: taurin kai, da ƙin sarewa, da iya zuga runduna bayan an sha kaye. Shaiɗan ya ba su. Watau Milton ya ari rigar magabata ne don ya tuhumi irin jarumtakar da suke yabo. Wanda bai san Achilles da Aeneas ba zai iya ɗaukar Shaiɗan a matsayin gwarzo kurum, bai ga jayayyar da ake yi da matattun mawaƙa ba.

4.0 Inda Hujjar Take da Rauni

Duk da haka, akwai wuraren da ra'ayin Collins ya wuce gona da iri, kuma kwas irin wannan yana iya gadon kurakuransa.

Na farko, adabin Ingilishi ba rijiya ɗaya ya sha ba. Beowulf, mai ɗango 3,182, an gina ta ne a kan maimaita baƙin farkon kalma bisa al'adar Jamusawan da. Fassarar Baibul ta 1611 ta yi tasiri a kan zuben Ingilishi fiye da kowane marubucin Rum, kuma daga gare ta John Bunyan ya samo salon The Pilgrim's Progress na 1678. Chaucer bai san Girkanci ba, labarinsa na Troilus and Criseyde, ko da yake a yaƙin Troy ya faru, daga Boccaccio Ba'italiye ya ɗauko shi. Ɗalibin da aka saba masa da neman Virgil a ƙarƙashin kowane baiti zai same shi har inda babu shi.

Na biyu, sau da yawa fassarar ce ta yi tasiri, ba asalin ba. Keats bai iya Girkanci ba, Homer ɗin da ya motsa shi a 1816 na George Chapman ne. Aeneid ta Dryden ta 1697 da Iliad ta Pope ta 1715 zuwa 1720 waƙoƙin Ingilishi ne masu cin gashin kansu. Wannan kuwa ba a Ingila kaɗai ya faru ba. Da Abu Bishr Matta ya juya littafin Aristotle na fasahar waƙa zuwa Larabci daga Siriyanci a ƙarni na goma, sai ya fassara wasan ban-tausayi da madahu, na ban-dariya da hija'i, watau yabo da zambo. Ibn Rushd ya bi shi a kan haka, kuma sharhinsa aka mayar Latin a Toledo a 1256. Kowane hannu da matani ya ratsa yakan bar shaidarsa. Wani zai ce, to in haka ne, ina amfanin wahalar koyon harshen? Amsa ita ce, sai wanda ya san asali yake iya gane abin da mai fassara ya ƙara ko ya rage. Harshen ma'auni ne. Laifin da ake gudu shi ne a mayar da shi abin taƙama, a riƙa duban fassara a matsayin gurɓataccen kwafe.

Na uku, akwai maganar lokaci. Shekara uku ba ta isa a ƙware a harsuna biyu matattu, a kuma ratsa adabin shekara dubu. Dole wani abu ya faɗi, kuma abin da ya fi saurin faɗuwa shi ne ƙagaggen labari na ƙarni na sha tara, domin alaƙarsa da magabata ba ta fito fili kamar ta waƙa da wasan kwaikwayo ba.

Na huɗu, Latin da Girkanci sun daɗe suna aikin ƙyaure a Ingila, suna tsare 'ya'yan talakawa da mata a waje. Oxford ba ta fara ba mata digiri ba sai 1920. Ta wannan fuska, tsarin shekara huɗu na masu farawa daga tushe gyara ne na gaske, ko da yake ƙarin shekara ƙarin kuɗi ne ga ɗalibi.

5.0 Silsilar Ba Ta Tsaya a Ingila Ba

Tun da hanya muke bi, ya wajaba mu bi ta har inda ta kai, ta kuwa kai Nijeriya. Kwalejin Jami'a ta Ibadan, wadda aka buɗe a 1948 ƙarƙashin Jami'ar Landan, ta koyar da Latin da Girkanci, kuma a wannan fanni mawaƙi Christopher Okigbo ya sami digirinsa a 1956. A 1968, ana tsakiyar yaƙin basasa, Ola Rotimi ya nuna The Gods Are Not to Blame, inda ya mayar da Oedipus na Sophocles Sarki Odewale, ya kuma karkata nauyin laifi daga ƙaddara zuwa zafin zuciya da zargin ƙabilanci. A 1973 Wole Soyinka ya rubuta The Bacchae of Euripides domin gidan wasan ƙasa na Landan, ya shigar da shugaban bayi wanda babu shi a asali, ya kuma rufe wasan da ruwan inabi yana ɓulɓulowa daga kan Pentheus, kisan ya zama fansa ga jama'a. Haka Derek Walcott na tsibirin Saint Lucia ya yi da Homer a Omeros a 1990. Aikin da waɗannan suka yi shi ne aikin da Milton ya yi: aro, da sauyawa, da mayar da martani. Manhajar da ta tsaya a Milton ko a Ulysses na James Joyce na 1922 ta bar silsila a rataye.

6.0 Kammalawa

Daga abin da ya gabata za mu iya fitar da ma'auni uku na auna irin wannan digiri. Na ɗaya, a koyar da harshe har ɗalibi ya iya karanta ɗangon Virgil ya yanka shi da kansa. Na biyu, darussan haɗi su zama su ne zuciyar kwas, a kuma shigar da masu fassara irin su North da Chapman da Dryden a matsayin marubutan da ake nazari. Na uku, a sanar da ɗalibi tun farko cewa akwai wasu rijiyoyin, don kada ya ɗauki reshe ɗaya a matsayin itace duka. Inda aka cika waɗannan, Collins ya yi gaskiya. Inda aka gaza, Freeman da ya ji tsoron hira marar ma'auni yana da abin cewa.

Daga ƙarshe, muna ganin wannan tambaya ta shafi mahalarta wannan taro, domin matsayin Larabci ga rubutacciyar waƙar Hausa ya yi kama da matsayin Latin ga waƙar Ingilishi. Ko ɗalibin da bai taɓa yanka baitin Ishiriniya ko na Burda ba zai iya auna abin da mawaƙan ƙarni na sha tara suka ara da abin da suka sauya? Wannan mun bar wa masu tsara manhaja su tattauna.