Ƙunshin da Aka Raina: Nazari a Kan Gasannin Farko na Kartar Magic

Duk wanda ya san majalisun yamma a Safana ko Batsari ya san wasanni biyu da ke tara mutane a inuwa: dara, wadda ake haƙa wa gurabe talatin a ƙasa, da kartar Whot da ta zo mana daga Ingila. A dukkansu biyun, da kaya iri ɗaya ake farawa. Mai dara yana da 'ya'ya goma sha biyu kamar abokin karawarsa, masu Whot kuma daga tuli ɗaya suke ja. A shekarar 1993 wani masanin lissafi ɗan Amurka, Richard Garfield, ya fito da karta mai wani tsari dabam, Magic: The Gathering, wadda kamfanin Wizards of the Coast ya buga. A nan kowane ɗan wasa shi ke zaɓar katunansa daga cikin waɗanda ake sayarwa, ya haɗa ƙunshi na akalla kati sittin, ya zo da shi fage. Kowa yana farawa da rai ashirin, wanda ransa ya ƙare ya faɗi. Gwanin dara ya san tun wurin dasa 'ya'ya ake cin wasa, kafin a fara turawa. To a wannan karta dasawar tun daga gida ake yin ta.

Abin da nake son kafawa shi ne, tarihin wannan wasa bai yi wa zakarunsa na farko adalci ba. Ana yawan ba da labarin shekarun 1994 zuwa 1996 a matsayin zamanin katuna masu tsada da ban tsoro, irin su Black Lotus, sannan a ɗauki ƙunshin da suka ɗaga kofi a matsayin tarkacen da sa'a ta ɗaga. Ni a ganina akasin haka ne. Waɗanda suka ci ɗin sun karanci abin da sauran jama'a za su kawo, suka shirya masa, kuma wannan karatun shi ne ainihin gwanintar wasan.

A gasar duniya ta farko, a birnin Milwaukee cikin Agustan 1994, Zak Dolan na Amurka ya doke Bertrand Lestrée na Faransa a wasan ƙarshe. Har yau masu sharhi sun fi yabon ƙunshin Lestrée, mai cike da halittu masu arha da saurin kai hari. Na Dolan kuwa ana kallonsa kamar kayan gwanjo, kati ɗaya daga nan, ɗaya daga can. Amma akwai tunani a cikinsa. A wasan, katin da aka yi aiki da shi akan kwantar da shi a gicciye, ba ya miƙewa sai zagaye na gaba. Dolan ya sa katin Stasis, wanda ke hana kowa miƙar da katunansa, ya haɗa shi da Serra Angel, wadda ke kai hari ba tare da ta kwanta ba. Mai sauri yana buƙatar katunansa su tashi kowane zagaye; Dolan ya ɗaure masa ƙafa. Bayan shekara ɗaya da rabi, a Fabrairun 1996, Lestrée ya sake zuwa wasan ƙarshe a gasar ƙwararru ta farko a New York, ya sake faɗuwa, wannan karon a hannun Michael Loconto, wanda ya tafi da dala 12,000. An yi ta yi wa Loconto dariya don ya zo da kati 62 maimakon 60, kuma ɗaya daga makamansa shi ne Millstone, dutsen niƙa da ke zubar da katuna biyu-biyu daga tulin abokin gaba har ya rasa abin ja. Masu dariyar sukan manta cewa dokar gasar ta tilasta wa kowa ya sa katuna biyar daga kowane bugu da ke kasuwa, har da raunana. Cikin wannan ƙunci kowa ya haɗa ƙunshinsa, kuma na mai haƙuri ne ya kai.

Labarin da ya fi ƙarfafa hujjata shi ne na bazarar 1996. Katin Necropotence ya fito a bugun Ice Age na 1995, kuma da farko raina shi aka yi, har mujallar InQuest ta sa shi cikin marasa amfani. Dalilin rainin a fili yake: katin yana hana ka jan kati na al'ada, sai dai ka biya rai ɗaya a kan kowane katin da kake so. Wa zai sayar da ransa? Sai wasu suka gane cewa rai ashirin jari ne, na ƙarshen kaɗai ke hana mutum faɗuwa, kuma mai katuna bakwai a hannu kowane zagaye zai danne mai ɗaya. Katunan wasan sun kasu launi-launi, Necropotence kuma baƙi ne. Cikin 'yan watanni baƙin ƙunshinsa ya mamaye gasanni, har aka yi wa lokacin laƙabi da baƙar bazara. A gasar duniya ta wannan shekara a Seattle, Mark Justice na Amurka, ɗaya daga fitattun 'yan wasan lokacin, ya kai wasan ƙarshe da shi. Wanda ya kayar da shi, Tom Chanpheng na Ostireliya, ya zo ne da ƙananan fararen mayaƙa masu arha, White Knight da Order of Leitbur da Order of the White Shield. Babu mai tsoronsu a kan kansu. Sai dai dukkansu suna ɗauke da kariya daga baƙi, wato baƙin kati ba ya iya nufarsu, ba ya tare su, ba ya yi musu rauni. Ga kuma abokin gaba da ke rage ransa da hannunsa kowane zagaye. Chanpheng ya auna ɗakin da zai shiga, ya ɗauki makamin da ya dace da shi.

Mai musu zai ce sa'a ce, kuma yana da abin riƙewa. Karta ce, ana gauraya ta. Gasar 1994 ta sili-ɗaya-ƙwale ce, inda faɗuwa sau ɗaya ke kora mutum gida. Chanpheng kansa ya yi kuskure wajen rubuta jerin katunansa, ya rasa katunan ƙasa da ke ba da shuɗin ƙarfin da ake buga shuɗin kati da shi, har katinsa na Sleight of Mind ya zama mushe a hannunsa duk tsawon gasar. Ban musa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Amma a duba abin da kuskuren ke nunawa: mutum ya shiga fage da katunan da ba zai iya bugawa ba, ya kuma fito da kofi. Sa'a takan ba da wasa ɗaya ko biyu, ba ta ɗaukar mutum kwanaki a jere tsakanin gwanayen ƙasashe. Abin da ya ɗauke shi shi ne daidaituwar shirinsa da abin da ya tarar. Akwai kuma musu na biyu, wanda ya fi kusa da zuciyar mai karatu a ƙasarmu, cewa duk karta ƙanwar caca ce. Gaskiya ne dokar farko ta Magic ta tanadi kowa ya ajiye kati ɗaya, mai nasara ya kwashe, amma gasanni sun haramta wannan tun da wuri, kuma bayan 1995 kamfanin ya daina buga katunan da suka dogara da shi. Abin da ya rage, kuma ban ga dalilin kare shi ba, shi ne sayar da katuna a rufaffiyar leda, yaro ya biya kuɗi bai san abin da ke ciki ba. Wannan ma ya ƙara wa ƙunshin masu arha daraja a idona, don su ne suka nuna cewa aljihu ba ya sayen kofi.

Babu wanda ya nuna haka kamar jan ƙunshin da Paul Sligh ya buga a wasan share fage a Atlanta a 1996, inda ya zo na biyu ya samu gurbin gasar ƙwararru. Wanda ya kalli jerin zai riƙe baki: Ironclaw Orcs da ke tsoron tare duk wani mai ƙarfi, Dwarven Trader da ba ta da wata baiwa, har da Goblins of the Flarg da ke mutuwa idan mai su ya saukar da wada, alhali akwai wadanni a ƙunshin. Sirrin yana cikin ƙidaya. Kowane zagaye ɗan wasa yana sauke ƙasa ɗaya, ƙarfinsa ya ƙaru da ɗaya. Yawancin mutane sukan cika ƙunshi da manyan katuna masu tsada, su zauna zagaye uku ko huɗu hannu rungume. Wannan ƙunshi an lissafa shi ne ta yadda za a sami abin bugawa na ɗaya a zagayen farko, na biyu a na biyu, na uku a na uku, kada ƙwayar ƙarfi ɗaya ta kwana banza. Kafin babban katin abokin gaba ya sauka, rabin ransa ya tafi. Wannan lissafi ya zama harsashin haɗa ƙunshi a Magic da kusan duk kartar da ta biyo bayanta, har Hearthstone da ake bugawa a waya. Wanda ya zauna ya yi lissafin kuwa abokin Sligh ne, Jay Schneider, wanda ya raɗa wa ƙunshin suna Geeba. Sunan bai kama ba, kuma har yau 'yan wasa Sligh suke cewa.