Daga Tawa zuwa Talco: tsohuwar motar ado da tsohuwar motar aiki

A farkon watan Janairun 1979, ayarin tseren Paris-Dakar na farko ya taso daga Agadas ya nufi Yamai. Tafiya ce ta fiye da kilomita 900, amma yankin da aka ware don gwada gudu da agogo kilomita 230 ne, daga Tawa zuwa Talco, arewa da Filinge. Daga nan ayarin ya gangara ta Dallol Boso, ƙasar Kurfayawa, ya bi hanyar Baleyara zuwa babban birni. Motoci da babura 182 suka bar Paris ranar 26 ga Disamban 1978, 74 suka ga Dakar. Cyril Neveu ne ya zo na ɗaya a kan babur Yamaha XT500, kuma shi aka fi ambata. Ni kuwa wadda ta fi jan hankalina wata Renault KZ ce ƙirar shekarun 1920, da wasu Faransawa uku suka shiga da ita suna kiranta La Gazelle, wato barewa. Ta kai shekara hamsin a lokacin. Ta isa Dakar cikin na ƙarshe, amma dai ta isa.

Wannan tsohuwa ita ce abin da ƙasar Kurfai ta gani mafi kama da wata al'ada da ta kafu a Turai, ta masu sha'awar tsofaffin motoci su haɗu su yi ayari, su bi hanyar da aka tsara musu zango-zango. Uwar al'adar tana Ingila. Kowace Lahadin farko ta watan Nuwamba, motocin da aka ƙera kafin 1905 suna tashi daga Landan da hudowar rana zuwa Brighton, kusan kilomita 90, don tuna ranar da aka sassauta dokar gudu a 1896. Ba a tsere, kowa ya isa ya ci. A Italiya akwai Mille Miglia, daga Brescia zuwa Roma a dawo. Tsere ne na gaske daga 1927 har 1957, shekarar da wata mota ta ƙwace ta faɗa cikin ƴan kallo aka daina. Da aka farfaɗo da shi a 1977 sai aka cire masa haƙora: irin motocin wancan zamani kaɗai ke shiga, kuma wanda ya fi kiyaye lokacin da aka ɗiba masa shi ke ci, ko da an wuce shi a hanya.

Ƙungiyar duniya ta masu tsofaffin motoci, FIVA, da aka kafa a 1966, ta gindaya sharuɗɗan da mota za ta cika kafin a kira ta ta tarihi. Ta kai shekara 30. A adana ta yadda aka ƙera ta. Sannan kada ta zama ta zirga-zirgar yau da kullum. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne ƙashin bayan al'adar baki ɗaya, kuma shi ne ya raba ta da mu. Wanda ya tsaya a tashar Filinge, ko ya je Baleyara ranar Lahadi da kasuwa ta cika, zai ga motocin da suka cika sharaɗin farko har da rara: Land Rover da Land Cruiser masu buɗaɗɗen baya, Hiace da aka ƙara wa kujeru, tsofaffin manyan motocin Mercedes da ke lodin shanu da buhunan hatsi. Ba ɗaya da za ta samu takardar FIVA. Injinta na wata mota ne, lagireton na wata, ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta, kuma gobe da asuba tana da lodi. Motar taron Turai dokin hawan salla ce, ana wanke ta, ana yi mata kwalliya, a fito da ita ranar da aka sa. Sai mota ta huta daga aiki take zama abin sha'awa, a nan kuwa ba ta hutawa sai ranar da ta mutu.

Ba laifi ba ne mutum ya so tsohon abu ya kashe masa kuɗi. Abin tambaya shi ne me ayarin yake tunawa, tunda kowane irin wannan taro tuna baya ne ake yi da ƙafafu huɗu. Idan aka bi salsalar ayarin da ke ratsa Sahara, a kan André Citroën ake tsayawa. Motocinsa biyar masu sarƙa a baya sun tashi daga Touggourt a Aljeriya cikin Disamban 1922, suka isa Tumbutu ranar 7 ga Janairun 1923. Sai babbar tafiyar da suka kira Croisière Noire: motoci takwas ƙarƙashin Georges-Marie Haardt da Louis Audouin-Dubreuil suka bar Colomb-Béchar ranar 28 ga Oktoban 1924, suka biyo ta Yamai, Tasawa da Damagaram zuwa tafkin Cadi, aka ƙare a Madagaska cikin Yunin 1925. Tallar kamfani ce da tallar mulkin mallaka a haɗe. Sun zo da mai zane, Alexandre Iacovleff, da mai ɗaukar fim, Léon Poirier. Sarki Barmu na Tasawa da fadarsa sun fito a fim ɗin, mahaya sun yi musu hawa. Tun daga nan aka raba aiki: baƙo ke tafiya, ɗan ƙasa na tsaye gefen hanya yana ƙawata hoto. Waɗanda suka share hanyar da aikin tilas, suka ɗebo ruwa, suka tura motar da ta kafe cikin rairayi, ba su da suna a labarin.

Paris-Dakar ya gaji wannan rabo, ya ƙara masa gudu. Ba za a ce bai bar komai ba. Agadas ta ci moriyarsa, ƴan jagora da masu masauki da maƙeran azurfa sun samu kasuwa, kuma Mano Dayak, wanda ya yi aiki da mai tseren Thierry Sabine, ya yi suna da kamfaninsa na yawon buɗe ido. Amma Agadas zango ce, ana kwana ana kashe kuɗi. Garuruwan kan hanya irin na Kurfai wucewa kawai ake yi, rabonsu ƙura. A wasu ƙauyukan Mali da Gini da Senegal rabon ya fi haka muni, don an take yara an wuce a shekaru daban-daban.

Akwai wani ayarin da ba shi da tuta ko ɗan jarida, wanda a ganina ya fi shafar rayuwar mutane. A shekarun 1970 da 1980, samarin Faransa da Jamus da Holan kan sayi tsohuwar Peugeot 404 ko 504 da arha, su haye teku zuwa Aljeriya, su biyo ta Tamanrasset da Asamaka da Arlit, su sayar a Agadas ko Tawa ko Yamai, su koma gida a jirgi da kuɗin. Su yawon shaƙatawa suka yi, motar kuwa a nan take fara rayuwarta ta biyu, wadda sau da yawa ta fi ta farko tsawo. Fijo 504 ta dace da ƙasar: ta fito a 1968, ta ci tseren Safari na Kenya a 1975, shekarar da kamfanin PAN ya fara haɗa motocin Peugeot a Kaduna, kuma an ci gaba da haɗa ta can har tsakiyar shekarun 2000, bayan Faransa ta daɗe da barinta. Kayan gyaranta suna ko'ina daga Kano har Konni. Rikicin Aljeriya da tawayen arewacin Nijar suka toshe wannan hanya a farkon shekarun 1990, gwanjon motoci ya koma tashar jiragen ruwa ta Kwatano.

Wanda ya fi kowa gane wannan rayuwa ta biyu shi ne Jean Rouch da abokansa Damouré Zika, Lam Ibrahim Dia da Tallou Mouzourane, a fim ɗinsu na 1974, Cocorico! Monsieur Poulet. Labarin masu fataucin kaji ne da suka fita daga Yamai cikin wata akwalar Citroën 2CV mai suna Patience, wato haƙuri. Tana mutuwa, suna tayar da ita. Da suka zo haye kogin Kwara, sai suka kwance ta gunduwa-gunduwa aka haye da ita. Ana dariya, amma duk direban daji ya san ba ƙarya a ciki. Abin da ƴan ayarin Turai ke biyan kuɗi mai yawa su ɗanɗana na ƴan kwanaki, wato mota ta lalace a inda ba kowa a gyara ta da abin da ke hannu, shi ne sana'ar bakanike da karen mota a hanyar Abala ko ta Sanam. Su kan saurari inji su faɗi ciwonsa, su toshe yoyon tanki da sabulu, su yanka tsohon tiyub su ɗaure abin da ya kwance. Bambancin shi ne ba motar agaji da ke biye da su, kuma fasinja suna zaune gindin itace suna jira.

Sai dai wannan gwaninta tana da tsadarta, kuma a nan masu adanawa suka fi mu gaskiya. Hannun da ke raya mota shi ke cinye ta. Ranar da ta ƙi tashi gaba ɗaya, gatarin baya da tayoyinsa su koma amalanken jaki, sifirin ya tafi maƙera ya fito wuƙa ko gatari, taya ta zama takalmi, tiyub ya zama guga a bakin rijiya, kujera ta samu wuri a rumfar mai shayi. Abin da ya rage ƴan gwangwan su auna a kilo. Ba a asarar komai, ba a kuma barin komai. Motar da ta yi shekara talatin tana kai masu haihuwa asibiti, tana kai ƴan ci-rani tasha, tana dawo da su da damina, tarihin gari ne guda, amma sunan direbanta da kirarin da aka rubuta a bayanta suna tafiya tare da ita. Citroën kuwa ta adana Scarabée d'Or, motar madugun tafiyar 1922, har ɗalibai suka sake ƙera irinta don cikar kamfanin shekara ɗari.

Tseren kansa ya daɗe da barin wannan hanya. A Janairun 2000 ayarin ya tsaya a Yamai saboda barazanar hari, aka loda motocin cikin manyan jiragen Antonov zuwa Sabha a Libiya. An soke na 2008, aka koma Kudancin Amurka a 2009, sannan Saudiyya a 2020. A 2021 aka buɗe rukunin Dakar Classic don motocin da suka girmi shekarar 2000, kuma kiyaye lokaci ake yi kamar a Mille Miglia. Irin motocin da suka tayar da ƙura tsakanin Tawa da Talco su ne ake sake fentinsu da launin da, ana tuƙa su cikin rairayin Larabawa da sunan babban birnin Senegal a ƙirji. An ɗauki motar da sunan, an bar hanyar. Ita kuwa hanyar ta shiga wani hali. A Janairun 2020 aka hana hawa babur a sassa da yawa na jihar Tilaberi, kuma ranar 15 ga Maris 2021 ƴan bindiga suka tare motocin da ke dawowa daga kasuwar Banibangu, yamma da Abala, suka kashe mutum 58. Direbobin yankin ma suna jiran juna su tashi a jere, kowa na ganin ƙurar na gabansa, suna lissafin su shiga gari kafin magariba.